Sakin mota a firi kan gangara: nawa yake ragewa, me yake jawowa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Malam, ina da Toyota Corolla ƙirar 2005 mai giyar hannu, ina lodin fasinja daga Maraɗi zuwa Ƙonni sau biyu ko uku a sati. Da can lita 40 takan kai ni ta maido ni har da ɗan ragowa, amma yanzu sai na sha 48, wani lokaci 50. In na cire kuɗin mai da na tasha da na hanya, abin da nake kaiwa gida bai taka kara ya karya ba, ga iyali. Manya a tasha sun ce in riƙa sakin ta a firi, wato babu giya, duk inda na samu gangara, wasu ma suka ce in kashe ta gaba ɗaya, haka kowa ke yi. Wani kuma ya kawo mini ƙwaya da ake jefawa a tanki, ya ce tana rage shan mai da rabi. Na fara sakin firin amma raina bai kwanta ba, kuma ban ga canji ba. Don Allah a ba ni shawara kafin in sayar da motar.

Wani direba daga unguwar Zariya, Maraɗi

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka yi saurin sayar da motar, don abin da ke damunta yana da magani, kuma rashin kwanciyar ran da ka ji a kan firin nan daidai ne.

Bari mu fara da lissafin da ka kawo. Maraɗi zuwa Ƙonni wajen kilomita 240 ne, zuwa da dawowa 480. Lita 48 a wannan tafiya tana nufin lita 10 a kowace kilomita 100. Corolla irin taka, in lafiyarta ƙalau kuma ana tuƙa ta da hankali, ko da fasinja da kayansu, tsakanin lita 7 da 8 ya kamata ta tsaya a kan kwalta. Ke nan akwai wajen lita 10 zuwa 14 da ke salwanta a kowace tafiya. A watan Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta sauko da litar esansi daga sefa 540 zuwa 499, to mu ɗauke ta a dala ɗari don sauƙin lissafi: jika 5 zuwa 7 kake zubarwa a hanya duk zuwa da dawowa. Za mu zo kan inda suke tafiya. Amma dole mu fara da maganar firi, don ita ce mai ɗaukar rai.

Wannan magana ta ishe mu. Kullum sai an kawo ta, daga direban tasha har ma'aikacin ofis har ɗan kabu-kabu, kowa da hujjarsa guda: haka manya ke yi. Manyan nan sun koyi tuƙi ne a kan Peugeot 404 da 504 masu kafireta, inda mai ke bin iska ya shiga inji ko ka taka totur ko ba ka taka ba. Motarka mai injekta ce, kwamfuta ke auna mata mai. Idan tana cikin giya, ka ɗage ƙafa daga totur gaba ɗaya, kuma allurar agogon inji tana sama da wajen 1,200 zuwa 1,500, kwamfutar rufe injektocin take yi ƙirif. Tayoyi ne ke juya injin a lokacin, ko ɗigo ba ya ƙonewa. Motocin da ke nuna shan mai a allon gaba 0.0 suke rubutawa a wannan hali, kuma duk makaniken da ke da na'urar duba kwamfutar mota zai iya nuna maka da idonka. Da ka jefa ta a firi kuwa, ka raba inji da taya, to dole kwamfuta ta ci gaba da ba shi mai don kada ya mutu. Injin 1.4 ko 1.6 a silo yana shan wajen lita 0.6 zuwa 0.8 a awa, in kilim, wato na'urar sanyaya mota, na kunne ya haura lita guda. Wannan shi ya sa ka ce ba ka ga canji ba: a gangaren da za ka sauka kyauta, ka koma kana biya.

Gaskiya ne a firi mota ta fi zurawa nesa, tunda inji ba ya riƙe ta. Amma a hanyarmu wace gangara ce ba ta ƙarewa da gari, ko kwana, ko gada, ko tudun rage gudu, ko shingen jandarma? Gudun da ta tara a birki za ka ƙona shi.

Sai masu cewa a kashe ta ɗungurungum. Mu auna abin da suke ragewa. Ɗauki gangara mai kilomita 2, kana sauka a kan 60, minti 2 ke nan. Inji a silo a minti 2 zai sha wajen mililita 27, bai kai rabin ƙaramin kofin shayi ba. Kuɗinsa sefa 13, ko dala 3 bai cika ba. Ko ka samu irin wannan gangara goma tsakanin Madawa da Galmi da Malbaza, abin da ka tsira da shi bai kai dala 30 ba. Wannan ma in an gwada da firi ne. In an gwada da barin ta cikin giya, ba ka rage komai ba.

To me aka bayar a madadin dala 3 ɗin nan? Buɗe bonet ka duba bayan kofin man birki, za ka ga wata baƙar tukunya zagayayya manne da bango, wadda makanikai ke kira sarbo ko mastabak. Ita ce ke ninka ƙarfin ƙafarka, kuma da zuƙar iskar inji take aiki. Gwada wannan a ƙofar gida, mota na tsaye: kashe inji, ka taka birki. Takun farko da laushi. Na biyu ya ɗan yi tauri. Kafin na uku ko na huɗu feda ta ƙame ta hau sama kamar ka taka dutse. Riƙe ƙafarka a kai ka tada injin, za ka ji ta nutse da kanta. Taku biyu ko uku ke nan ke gare ka bayan ka murɗa makulli, kuma direban da ke gangara yakan cinye su da ɗan latse-latsen rage gudu tun kafin ya kai inda yake bukatarsu. Sai amalanken shanu ta ɓullo daga gona, ko yaro ya biyo akuya, ya taka ya ji dutse. Birkin bai mutu ba, amma ƙarfin da yake nema ya ninka sau da yawa, kuma a gudun kilomita 90 mota tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa biyu na firgita da laluben makulli, mita 50 sun wuce.

Sitiyari ma haka. Ko na mai ne ko na lantarki, da inji ya mutu taimakonsa ya tafi, sai ya yi nauyi a daidai lokacin da kake son kaucewa rami. Sigina ba ta aiki. ABS, mai hana tayoyi kullewa in an taka birki da ƙarfi, ba ya aiki. Idan kuma hannu ya zarce makulli ya koma LOCK ko ya zare, sitiyarin kan kulle, mota ta miƙe inda ta fuskanta, ko da hanya ta yi kwana. Akwai kuma masu tada ta da giya in sun kusa ƙasan gangara: su jefa giya su saki kuloci. A kan gudu, in hannu ya faɗa ta 2 a maimakon ta 4, tayoyin gaba su ja turjiya, inji ya yi ƙarar da ta wuce jan layi, mota ta yi wutsiya. In kwaltar da rairayi a kanta, kamar yadda iska ke sharo shi a hanyoyinmu, sai dai addu'a.

Ko da ba a kashe inji ba, firi kaɗai tana ɗora wa birki dukan nauyin mota da mutum biyar da buhunansu. Birki gudu yake mayarwa zafi. In ka ɗora ƙafa a kai tun daga saman tudu har ƙasa, faifai ya yi zafi, filaket su fara wari suna santsi, zafin ya gangara cikin man birki. Sabon man birki mai lamba DOT 3 yana jure wajen digiri 205 kafin ya tafasa, amma man birki yana shan damshin iska, kuma wanda ya tsufa yana iya tafasa a 140. Motoci nawa ne a tasha aka taɓa juye musu man birki? Ƙari kawai ake yi, alhali duk shekara 2 ya kamata a canza shi. Da ya tafasa ya zama tururi a cikin tiyo, feda sai ta tafi har ƙasa ba ta kama komai ba. Bayan rabin awa ya huce ya dawo daidai, shi ya sa in an zo duba motar sai a ce ai birkinta lafiya lau, a ɗora wa aljanun wurin.

Masu taka kuloci su riƙe suna gangarawa, su ma firin ce, da ƙarin cinye boris ɗin kuloci. Masu otomatik abin ya fi muni, don famfon da ke zagaya man giya inji ne ke juya shi: ka kashe inji mota na gudu, giya na juyawa ba mai, ka sayi gyaran da ya fi kuɗin man shekara. Manyan motoci masu birkin iska kuwa, irin waɗanda ke ɗauko albasa daga Galmi, kwamfaresa ba ya cika tanki yadda ya kamata a silo, in an kashe inji kuma ya tsaya cak. Kowane taku iska ke raguwa, ga tan 30 ko 40 a baya. Ɗan kabu-kabu da ke kashe babur yana gangarowa daga tudu zuwa unguwannin bakin gulbi da mace da goyo a baya, abin da ya rage bai kai cokali ba.

Muna faɗar wannan da zafi ne don abin ya wuce maganar kuɗi. Fasinjan da ya biya ya zauna a bayanka bai san ka murɗa makulli ba, yana can yana waya da iyalinsa yana cewa mun kusa. Amana ya ba ka. Allah ya hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannuwanmu, balle mu jefa wanda bai ji ba bai gani ba. In abin ya faru kuma sai a ce tsautsayi ne, kwana ya ƙare. Kwana na hannun Allah, amma makullin a hannun wa yake? Kuma ku manyan tasha da ke koya wa yaran mota wannan ɗabi'a, ku ji tsoron Allah, duk wanda ya yi ta bayanku da hannunku a ciki. Garin neman gira ake rasa ido.

Yadda ake sauka shi ne: tun kana saman tudu ka rage gudu, ka sa giyar da za ka hau wannan tudun da ita, ta 4 in gangarar mai sauƙi ce, ta 3 in mai tsanani ce ko mota ta yi nauyi. Ɗage ƙafa daga totur gaba ɗaya. In gudu ya ƙaru ka taka birki da ɗan ƙarfi na daƙiƙa uku ko huɗu, ka saki ya sha iska, ka sake. Ƙarar da inji ke yi a lokacin ba mai yake sha ba, riƙe motar yake yi. Mai otomatik ya bar ta a D, in gangarar ta yi tsawo ya sauko 3 ko 2. Haka kuma in ka hango gari ko shinge, tun daga mita 300 ko 400 ka ɗage ƙafa ka bar ta cikin giya ta rage da kanta. A nan ne ake samun man kyauta na gaske, kuma daga Tibiri zuwa Gidan Rumji zuwa gaba, sau nawa za ka yi haka?

Ƙwayar tanki kuwa, mayar masa da abarsa. Da ita da maganaɗisun da ake ɗaurawa a tiyon mai da ɗan akwatin da ake soka wa a wurin kunna sigari duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan kaya sama da 100, ba ta samu wanda ya rage shan mai yadda za a ce a zo a gani ba. Da akwai ƙwayar da ke rage rabi, da Toyota ta riga mai talla sanin ta. Abin da ba ya narkewa sarai a cikinta matatar famfo da bakin injekta yake zuwa ya toshe.

Yanzu ina lita 10 ɗinka suke tafiya? Babban ɓarawo ƙafarka ce ta dama. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi: a kan 120 ta kusa ninka ta 90 sau biyu. Mota a kan 120 tana shan wajen kashi 20 cikin 100 fiye da a kan 100. A takarda, kilomita 240 a kan 120 awa 2 ce, a kan 100 awa 2 da minti 24, kuma da garuruwa da ramuka da shingaye bambancin ba ya kai haka. In kana cikin masu danna 120 don rigen lodi, saukowa 90 zuwa 100 kaɗai na iya maido maka lita 7 ko 8, kusan jika 4. Sauri ya haifi nawa. Canza giya in allurar agogon inji tana tsakanin 2,000 da 2,500, ka kai ta 5 da wuri, amma kada ka bar ta tana kakkarwa a babbar giya da kaya a kan hawa, sauko mata. Kayan da ake ɗaurawa a rufi ko a bar but a buɗe an ɗaure da igiya suna kama iska kamar tabarma. In dole ne, a shimfiɗa su ƙasa-ƙasa a rufe da tamfol a ɗaure tam, in babu kaya a kwance kariyar.

Na biyu, taya. Dubi takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, akwai awo na mota wayam da na mai kaya. Irin motarka yawanci iskar tsakanin bar 2.1 da 2.4 ce a ma'auni. A auna da safe kafin a yi nisa, da ma'auni, ba da bugun ƙafa ko ƙwanƙwasa sifana ba, kuma duk sati ga mai bin doguwar hanya. Ragin rabin bar yana ƙara shan mai kashi 2 zuwa 4, yana cinye gefunan taya. Masu sace iska a watan Afrilu da Mayu wai don kada taya ta fashe sun juya abin: taya mai ƙarancin iska ita ke lanƙwasa tana zafi har ta tarwatse. Ƙarin 0.2 ko 0.3 da za ka gani bayan tafiya ba laifi ba ne, kada ka rage. In ka sassauta don rairayin ƙauye, ka tsaya wurin mai faci ka mayar da ka hau kwalta.

Tunda ka ce da can lita 40 na isar ka, akwai abin da ya canza a motar ma. Tambayi makanikenka kai tsaye: tamostat, wato abin da ke tsare ruwan inji har sai ya yi ɗumi, na ciki? Al'adar cire shi a haɗa fanka kai tsaye wai don ƙasarmu da zafi ta ɓata injuna da yawa. An ƙera injin ya yi aiki a wajen digiri 82 zuwa 90. Ba tamostat, musamman da asubar hunturu a kan doguwar hanya, ruwa ba ya kai nan, kwamfuta ta ɗauka inji bai gama ɗumi ba ta yi ta ƙara mai. Alamarsa allurar zafi ta kwanta ƙasa ko bayan tafiyar rabin awa, bakin salansa ya yi baƙi ƙirin. In mota na zafi, a wanke lagireto, a duba murfinsa da famfon ruwa, a daina zuba ruwan rijiya. Sai wutar nan mai siffar inji a allon gaba: in tana kunne, ko an cire ƙwanta don kada ta dame ka, a sa na'ura. Sau da yawa na'urar shaƙar hayaƙi ce da ke jikin salansa ta mutu, kuma ita kaɗai tana iya ɗaga shan mai daga lita 7 zuwa 10 a kilomita 100. A duba buji, a duba matatar iska: da ƙurar hunturu a fitar da ita duk sati a kakkaɓe, a hura daga ciki zuwa waje, kada a wanke ta takarda da esansi, kada kuma a yi tafiya babu ita ko na yini ɗaya. Bayan tafiya ka kai bayan hannunka kusa da kowane rim. Wanda ya fi sauran zafi, birkinsa na kamawa, kana jan sa da manka. Baƙin mai kuma a bi lambar da littafin mota ya faɗa, ba mai kaurin nan da ake cewa ya fi ƙarfi ba.

Ɗumama mota minti goma da safe ba shi da amfani ga mai injekta: rabin minti ya isa, ka tashi a hankali. Jiran cikon fasinja ko layin gidan mai, irin wanda aka sha a watan Maris na 2025, in zai wuce minti ɗaya a kashe, tunda mota a tsaye take. Kilim a cikin gari yana iya ƙara kashi 10 zuwa 20. Ajiye ta ƙarƙashin bedi, ka sauke gilasai zafin ya fita kafin ka kunna. A kan babbar hanya kuwa rufe gilas da kilim bai fi buɗe tagogi huɗu tsada sosai ba.

Man 'yan ruwa-ruwa, tun da Najeriya ta janye tallafi a watan Mayun 2023 arahar da ake bi ta ragu ƙwarai, ga kwalbar da ba ka da tabbacin lita ce, ga ƙura da ruwa da gauraye. Ko don awo ma ka tsaya a famfo. Cika tanki har bindiga ta katse da kanta karon farko, kada a yi ta girgiza mota ana ɗurawa. Mayar da ƙaramin agogon kilomita sifiri. Je ka Ƙonni ka dawo, ka koma famfon nan dai ka cika haka. Raba litar da ta shiga da kilomitar da ka yi, ka ninka da 100, ka rubuta a littafi da kwanan wata. Tafiyar farko ka yi ta da gyaran iskar taya da tsayawa a 90 zuwa 100 kawai, cikin giya a kowace gangara. Ta biyu bayan an maido tamostat an duba kwamfuta. In bayan tafiya uku har yanzu tana sama da lita 8 da rabi, a auna matsin silinda da ƙarfin famfon mai, a leƙa ƙarƙashin mota a bi tiyon mai tun daga tanki ko akwai inda yake tsattsafowa, sannan ka sake rubuto mana da lambobin da ka samu.